Wanda Bai San Bai Sani Ba

Da wuya a sami wuri a Arewa da ya tara gidajen masana kamar ɓangaren Kaduna da ke arewacin kogi. A Unguwar Rimi akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa. A titin Rabah akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, inda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa cibiyar tarihi a 1970. Ga asibitin ido na ƙasa ta wajen Mando, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga babbar kwalejin kimiyya da fasaha a Tudun Wada. Duk da haka, a tashar Kawo ko a bakin kasuwar Shehu Abubakar Gumi, mutum ɗaya da lasifika a kan mota yakan tara jama'ar da farfesa ba zai tara ba, yana rantsuwa cewa kwalbar da ke hannunsa tana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi da hawan jini da ciwon suga. Mai saurin yanke hukunci zai ce jahilci ne ya yi wa mutane yawa, a ƙara makarantu kawai. Wannan bayani bai gamsar ba, domin cikin masu miƙa kuɗin akwai masu digiri, kuma mafi munin kurakuran da suka taɓa lafiyar 'ya'yanmu daga bakin masu ilimi suka fito. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wauta tana farawa ne daidai inda mutum ya tsallake iyakar abin da ya sani bai lura ya tsallake ba, kuma al'ummar da ke raina mai cewa "ban sani ba" ita ce ke kiwon wannan wauta da hannunta.

Malamanmu na zaure sun daɗe da raba jahilci gida biyu. Akwai jahilci basiɗi, na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba. Akwai jahilci murakkabi, na wanda bai sani ba, bai kuma san bai sani ba, har yana ganin shi ya kamata a tambaya. Na farkon ma yana kisa. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda iyayensu suna daka duwatsun zinare a tsakar gida, ba su san dutsen cike yake da dalma ba. Yara sama da 400 suka rasu. Amma da likitocin ƙungiyar MSF da ma'aikatan lafiya suka auna jinin yaran, suka nuna daga inda gubar take, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka yi wa yara magani, sai mace-macen suka ragu ƙwarai. Wanda ya san bai sani ba yana saurare idan an faɗa masa. Na biyun ba ya saurare, don a ganinsa babu abin da ya rage a faɗa masa. Wani masanin tarihin tattalin arziki ɗan Italiya, Carlo Cipolla, ya rubuta a 1976 cewa wawa shi ne wanda ke jawo wa wasu asara ba tare da shi ya amfana da komai ba, wani lokaci ma har da shi a cikin asarar. Ɓarawo yana da manufa, don haka ana iya hango inda zai ɓullo a tare hanya. Wawa kuwa ba a san ta inda zai fito ba. Cipolla ya dage cewa ana samun irin wannan mutum a cikin farfesoshi kamar yadda ake samunsa a cikin leburori, kuma a nan ina ganin ya yi gaskiya.

Kafin a gane inda gwaninta ke ƙarewa, sai an gane yadda ake samunta, kuma babu makarantar da ta fi kasuwar Panteka ta Kaduna nuna wannan. Dubi mai zubin tukunya. Yana tara tarkacen alminiyon, gwangwanaye da tsofaffin sassan inji, ya narka su a wuta. Ya daddanna ƙasa mai ɗan danshi a cikin akwatin zubi kewaye da tukunyar da zai kwaikwaya, ya zare ta a hankali, ya mayar da akwatin ya rufe, sannan ya tsiyaya narkakken ƙarfen ta ƙaramar kafa. Bayan 'yan mintoci ya fasa ƙasar, tukunya ta fito, yaro ya bi ta da magagari. In danshin ƙasar ya yi yawa, jikin tukunyar zai fito da ƙuraje da huji. In ƙarfen ya fara hucewa kafin a zuba, ba zai kai gindi ba. Kuskuren da ya yi da hantsi kafin azahar ya gan shi da idonsa, kuma daga aljihunsa asarar za ta fita. Mutumin da ya shekara ashirin a haka, hannunsa kaɗai ya isa ya gaya masa ko ƙasa ta yi. A 2009 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Gary Klein, waɗanda suka daɗe suna saɓani a kan ko za a iya dogara da hasashen gwani, suka haɗu a kan sharuɗɗa biyu: dole aikin ya kasance mai ƙa'ida da ke maimaita kanta, kuma dole mai aikin ya riƙa ganin sakamakon hukuncinsa da wuri kuma a fili. Mai zubi ya cika duka biyun. To amma ga iyakar. Binciken da aka yi a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna tukwanen da aka zuba da tarkace suna iya sakin dalma a cikin abinci. Wannan kuskure ba ya fitowa da huji, ba ya yoyo, babu matar da za ta dawo da tukunyar saboda shi. Shekara ashirin a bakin wuta ba za ta koya wa kowa shi ba, sai na'urar awo. Mutum ɗaya, a sana'a ɗaya, gwani ne a abin da idonsa ke gani, kuma bai san komai ba a abin da ba ya dawo masa.

Sukurat, masanin falsafar Atina da aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lura da wannan tun tuni. Almajirinsa Aflatun ya ba da labarin yadda ya zagaya yana tambayar 'yan siyasa da mawaƙa da masu sana'ar hannu, ya tarar masu sana'a sun san aikinsu da gaske, amma ƙwarewar ta sa suna ganin sun san manyan al'amuran da ba su sani ba. Cutar ba ta tsaya ga maƙera ba. Linus Pauling ya ci kyautar Nobel har sau biyu, a 1954 da 1962, amma ya ƙarasa rayuwarsa yana tallata cewa shan bitamin C mai yawa na taimakon masu ciwon daji, abin da gwaje-gwajen asibiti ba su tabbatar ba. Philip Tetlock na Amurka ya bi diddigin hasashe sama da 80,000 na masana siyasa da tattalin arziki 284, ya wallafa a 2005 cewa da kaɗan suka fi canki-canki, kuma waɗanda suka fi suna da ƙarfin baki sun fi sauran yawan kuskure. Dalili a fili yake: mai sharhin siyasa ba ya biyan kuɗin hasashen da ya ƙi cika. Mu kuwa mun ƙara wa abin taki da son laƙabi. Da zarar an kira mutum Dakta ko Injiniya ko Barista, sai a riƙa tambayarsa komai, daga farashin dala zuwa maganin ƙoda, shi kuma kunya ta hana shi cewa wannan ba fagena ba ne.

Babu abin da ya nuna tsadar wannan kamar rikicin rigakafin shan inna. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗiga wa yara maganin. Ba mai lasifikar tasha ne ya jawo hakan ba. Muryar da ta fi amo ita ce ta marigayi Dakta Ibrahim Datti Ahmad, cikakken likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, aka kuma sami masu ilimin haɗa magunguna da suka ce sun auna sun ga abin tuhuma. Zargin shi ne an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa, wasu suka ƙara da ƙwayar ƙanjamau. Gwamnatin tarayya ta tura tawaga ƙasashen waje aka sake aunawa. Kaduna da Zamfara suka koma, Kano kuwa sai a ƙarshen Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan aikin gama ya gama. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, kuma ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya, ƙasashen Musulmi 'yan uwanmu. Jita-jitar ba ta mutu da ɗage takunkumin ba: a Fabrairun 2013 aka harbe mata tara ma'aikatan rigakafi a Kano.

Ban ɗauka mutanen da suka jagoranci wannan sun yi nufin sharri ba, kuma wannan ne ya sa labarin ya fi ban tsoro. Sun yi imani suna kare al'umma ne. Amma duba maras lafiya fage ne, sanin yadda ake haɗa rigakafi da auna abin da ke cikinsa wani fage ne dabam, sanin yadda annoba ke yawo a cikin jama'a kuma fage na uku ne. Ko da an ce an ga ɓurɓushin wani sinadari, tambayar ƙwararre ita ce nawa ne, kuma shin wannan adadin a cikin ɗigo biyu zai iya yin wani tasiri. Akwai ma tambayar da ba ta buƙatar na'ura: wannan maganin an shekara da shekaru ana ɗiga wa ɗaruruwan miliyoyin yara a Masar da Indiya da Indonesiya, kuma 'yan matan Arewa da aka ɗiga wa a shekarun 1980 suna ta haihuwa a lokacin da ake gardamar. Sannan shan inna cuta ce da ke ɓoye kuskuren mai kuskure. A cikin kimanin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba a sani ba. Wanda ya yi huɗuba a yau ba zai ga yaron da ƙafarsa ta mutu bayan wata shida a wani gari ba, balle ya danganta shi da maganarsa. Tabbacinsa sai ƙaruwa yake, domin babu abin da ke dawowa ya ƙaryata shi.

A nan mai karatu na da damar ya ce: ai masanan ne suka fara cin amanarmu. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya tsallake wannan bai yi adalci ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuma uban da ya tambaya me ya sa ake bin sa har gida da magani kyauta alhali asibitin unguwarsu babu maganin zazzaɓi, tambayar mai hankali ya yi. Masu rigakafin ma sun yi nasu tsallaken iyakar, da suka riƙa magana kamar maganin ba shi da wata illa ko kaɗan. Alhali raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana iya rikiɗa ta dawo da ƙarfinta a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba, kuma a 2007 aka bayyana cewa hakan ya faru a Arewacin Nijeriya. Amma duk wannan hujja ce ta yin shakka, ba ta kai hujjar yin tabbaci ba. Wanda ya ce ban yarda ba sai an auna a gabana, yana cikin iyakarsa, kuma al'umma na buƙatarsa. Wanda ya ce na tabbata makirci ne, kuma duk awon da ya saɓa masa ya ce shi ma cikin makircin yake, ya rufe wa kansa hanyar dawowa. Tambaya ɗaya ke raba su: wace shaida ce in ka gan ta za ka sauya ra'ayi? Abin da ya gyara lamarin a ƙarshe shi ne kowane ɓangare ya koma iyakarsa. Ma'aikatan lafiya suka yarda ba su san mutanensu kamar yadda sarakuna suka san su ba, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar a 2009, aka riƙa haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke buƙata. An ga na ƙarshen masu ainihin cutar a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wani zai ce wannan duk wata hanya ce ta 'yan boko su raina talaka. Abin da ya faru a Kaduna a 2017 ya isa amsa. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka gudanar da jarrabawar da makin da aka yanka, har ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, kuma ana iya yin doguwar muhawara a kan ko kora ce mafita ga mutanen da gwamnatoci da kansu suka ɗauka suka bari babu horo. Abin da ba a iya musunsa shi ne takardar shaida ba ta tabbatar da iyawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi sun shekara suna koyarwa babu wanda ya taɓa nuna musu gurbin da ke cikin saninsu. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell suka nuna cewa ɗaliban da suka zo ƙasan jeri, waɗanda a haƙiƙa ba su fi mutum 12 cikin 100 ba, sun ɗauka sun fi mutum 62 cikin 100. Masana lissafi sun soki wani ɓangare na fassarar wannan sakamako, amma tushen maganar yana nan: ilimin da kake buƙata ka yi abu daidai shi ne kake buƙata ka gane ka yi kuskure. Shi ya sa mutum ba ya iya auna kansa da kansa, sai wani ya auna shi. Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Ya kamata awon ya hau kan kwamishina da likita da mai sharhi a rediyo kamar yadda ya hau kan malamin firamare.

Abin takaici shi ne addininmu ya ba mu maganin wannan tun farko. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik, wanda mazhabarsa muke karantawa a zaurukanmu, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja a Madina ba. Amma dubi yadda kasuwarmu ke saka wa mai irin wannan hali. Mace ta shiga kyamis ta ce, "Malam, jikina zafi, kaina ciwo, bakina ɗaci." Kafin ta rufe baki ya ce, "Hajiya, maleriya ce da taifod," ya ƙulla mata ƙwayoyi kala huɗu, wataƙila har da allura, alhali lasisin irin wannan shago bai ba shi izinin yin allura ba. Da asibiti ta je, likita zai ce, "Hajiya, ban san ko mene ne ba tukuna, sai an ɗebi jini," ta fito tana cewa wannan likitan bai iya aiki ba. Zazzaɓi da yawa yana tafiya da kansa cikin 'yan kwanaki, don haka wadda ta warke za ta dawo ta yi wa mai kyamis godiya, wadda ta rikice kuma asibiti za a kai ta, ba zai sake jin labarinta ba. Kullum nasararsa yake gani, tabbacinsa na ƙaruwa, ciniki na ƙaruwa. Ba lallai ne ya zama maƙaryaci ba. Tsarin ne ya ɓoye masa kuskurensa, mu kuma muke biyan sa don ya yi mana magana babu shakka a ciki.

Saura ƙorafi ɗaya mai nauyi: in kowa ya riƙa cewa ban sani ba, wa zai yanke hukunci alhali maras lafiya na kwance? Sanin iyaka ba ya hana aiki, shi ne ma ke nuna aikin da ya kamata a yi. A Yulin 2014 aka kai wani maras lafiya mai suna Patrick Sawyer wani asibiti a Legas, inda Dakta Stella Adadevoh, wadda ba ta taɓa duba mai Ebola ba, ta duba shi. Da ta ga alamun sun wuce na maleriya, ta sa aka ɗebi jini, ta hana a sallame shi duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu ta rasu a watan Agusta, amma cutar ta tsaya a kan mutum 20 a ƙasa mai mutane sama da miliyan 170. A cikin wannan watan ne saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola, mutane suka tashi iyalansu suka bi, wasu suka kwanta asibiti, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla biyu. Ita ta yi shakka ta nemi awo, masu tura saƙon kuwa babu wanda ya tsaya ya tambayi daga ina ya fito.

Kira na farko ga gidajen rediyon Kaduna ne, waɗanda ke sayar da lokaci ga masu maganin da ke warkar da komai: muryarku ce ke ba su rigar gaskiya, don haka ku daina sa tallar da ke alƙawarin warkar da suga ko hawan jini ko ƙoda. Kai kuma mai karatu, in mai magani ya ɗaga kwalba yana nuna maka lambar NAFDAC, ka sani cewa irin lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa ba, ba ta ce maganin yana warkarwa ba. Ka tambaye shi wace cuta ce maganinsa ba ya yi wa aiki. In ya ce babu, ka riƙe kuɗinka ka kai maras lafiyarka asibiti.